Kafin Gumi Ya Bushe

Wani mutum ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa ya ji ƙungiyar samari ta shirya tseren keke zuwa madatsar Watari a dawo. Wanda ya zo na ɗaya, injin ban-ruwa za a ba shi. Shi kuwa da ma guga ya gama cinye masa tafin hannu a wajen ban-ruwan albasarsa. Nan take ya ce injin nan nasa ne, alhali keken nasa na kai taki gona ne, birkinsa ma da silifas yake takawa.

Ana gobe tsere, sai ya ce bari ya gwada ƙafa. Ya biya ta wajen Basiru mai cajin waya neman shawara. Basirun nan ya ƙoshi da kallon 'yan tseren ƙasar waje a waya, amma shi kansa bai taɓa wuce tasha a kan keke ba.

Basiru ya ce, "Ai tuƙin ba shi ne aikin ba. Abin da za ka ci bayan ka sauka, shi ne aikin. Furotin ake ce masa. Ƙwai, nono, nama. Sannan ka yi ta kurɓar ruwa, ka ɗan sa gishiri da sukari. Amma fa da sharaɗi: kafin gumin jikinka ya bushe."

"In ya bushe fa?"

"Shi ke nan, naman ƙafarka ya fara cin kansa. Gobe ka tashi da ƙafa kamar taɓarya."

"Taɓarya?"

"Biyu ma."

Mutumina ya hau keke ya kama hanya da rana tsaka, a zafin bazara. Ya yi ta tuƙi har rigarsa ta manne da baya. Ashe hanyar da ya ɗauka ta ƙauyen surukansa ta bi, can wajen Makoda. Yana shan kwana sai ga Malam Muhammadu Sani, mahaifin matarsa Luba, zaune a ƙofar gida. Babu damar wucewa. Ya taka silifas ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gona. Ya zo miƙewa, jijiyoyin ƙafa suka ce ba da su ba.

Malam ya ce, "Tashi mana, haka nan ya isa."

Ya ce, "A'a Baba, nan ma ya yi."

Malam ya ji daɗi har ransa, ya ce wa wani maƙwabci da ke gefe, "Ka ga ladabi ko? Yaran yanzu a tsaye suke gaishe ka." Da jan gindi mutumina ya shiga zaure, Malam yana ta sa masa albarka.

Ba a jima ba sai ga Inna Hure, surukarsa, da kaya niƙi-niƙi. Fura da nono a ƙwarya, dafaffen ƙwan zabi, soyayyar kaza, ga ruwan randa mai sanyi. Wallahi kamar Basiru ne ya buga mata waya. Mutumina ya kalli kwanukan, ya ji kamar ya yi kuka don murna.

To amma kun san halinmu. Gara a ce mutum ya faɗi a kududdufi ranar kasuwa da a ce an ga bakinsa yana motsi a gaban suruki. Bisa al'ada Malam zai ba shi wuri ya ci. Ina! Malam ya samu mai ladabi, ya gyara zama ya ɗauko labarin tsutsar da ta addabi masararsa bara.

"Bismilla mana."

"Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe nake."

Cikinsa ya yi wani ƙugi, har akuyar da ke bakin zaure ta waiwayo.

Ya shafa goshi, ya ji gumi ya fara ja da baya. Hankalinsa ya tashi. Ya matsa inda rana ke shigowa ta ƙofa, ya baje a ciki. Iska ta kaɗo. Ya sake shafawa, saura kaɗan.

"Baba, ko da ɗan bargo a kusa? Sanyi nake ji."

"Sanyi? A zafin nan da ƙadangare ma ke neman inuwa?"

Aka kawo bargo, ya ƙudundune, gumi ya dawo sharkaf. Ya yi ajiyar zuciya. Malam kuwa ya tsorata, ya tura masa ƙwarya har gaban gwiwa.

"Wannan zazzaɓi ne. Maza sha furar nan ina kallo, ba zan tashi ba sai ka sha."

Ga fura a ƙasan hanci, ga suruki ya kafe shi da ido. Mutumina ya rasa mafita, sai bakinsa ya suɓuce.

"Azumi nake, Baba."

"Azumi? Ranar Talata?"

"Na neman lada ne."

"Masha Allahu! Ga azumi, ga rana, ga keke. Hure! Zo ki kwashe kayan nan, sai magariba."

Magariba! Mutumina ya ga injin ban-ruwa yana tafiya a bayan keken wani.

Malam ya shiga gida ɗauko buta don alwalar la'asar. Ko rufe baya bai gama yi ba, mutumina ya yaye bargo. Ya cusa ƙwai a kumatun dama, ya cusa wani a na hagu, ya damƙi cinyar kaza, sannan ya jefa kai cikin ƙwarya, ko ludayi bai nema ba.

Yana ɗagowa don shan iska, gemu fari fat da nono, sai ga Inna Hure tsaye a kansa da faifai a hannu.

Ta ce, "La ilaha! Ba azumi aka ce kana yi ba?"

Ya haɗiye da ƙyar, ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Ni azumina yana nan, Inna. Wannan na ƙafafu ne, su matafiya ne."