Dankalin da Na Rufe a Kula

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai soyayyen dankali GRA ba. Shekarar da soja suka koma bariki ce, farar hula suka karɓi mulki, kowa a Katsina ya wayi gari da ɗan'uwa a gwamnati. Ni rabona Binta ce, wadda muka yi aji ɗaya a sakandare. Aka ba mijinta kwamishina, ta tashi daga Kambarawa ta koma GRA, ta zama Hajiya Binta (ni ma da bakina nake kiranta haka, ni da na sha ba ta satar amsa a jarrabawar lissafi).

Da na je yi mata murna, sai na tarar tana ƙorafi. Matan manya na taruwa gidanta duk Asabar, kuma sun gaji da cincin da dubulan. Tana neman wadda za ta riƙa soya mata dankalin Turawa, mai siririn yankan nan da ke ƙaras-ƙaras a baki, ta ba ta aikin dindindin. Ni kuwa ina zaune ba sana'a, maigidana malamin firamare ne, kun dai san sauran. Kafin ta rufe baki na ce, "Dankali? Ai a Jos na koya."

Sau ɗaya na taɓa zuwa Jos. Shi ma wucewa muka yi a mota, ina barci.

"To kawo mana ɗanɗano ran Asabar bayan la'asar," in ji ta. "In ya yi masu, aikin naki ne."

Ina dawowa unguwarmu Ƙofar Ƙaura na faɗa gidan maƙwabciyata Maman Dauda, 'yar Filato, wadda ta tashi a gonar dankali. Ban gaya mata zancen aikin ba, don kada ta riga ni (Allah ya yafe mani). Na ce yara ne ke marmari. Baiwar Allah ta ajiye wankinta ta zaunar da ni. A fere, a yanka siriri har ki hango wuƙa ta cikinsa. A jiƙa a ruwan sanyi, a yi ta sauya ruwan har ya daina fari. A tsane shi a tsumma mai tsabta, kada ɗigon ruwa ya rage. Mai ya yi zafi sosai, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

"In kin kwashe kuma, Maman Ummi, sai ki..."

"Sauran na sani," na ce, na miƙe ina gyara mayafi. Shekarata takwas da aure, wai yau za a koya mani kwashe abu daga kasko.

Ran Asabar tun azahar na gama, kuma wallahi ya yi. Maigida ya tauna ɗaya a tsakar gida, na ji ƙarar daga madafa. Nan take na fara tunanin irin atamfar da matar da ke yi wa gidan kwamishina girki ya kamata ta riƙa ɗaurawa.

To, mu dai yadda aka rene mu, ba a kai wa mutum abinci a buɗe, ba a kai mashi da sanyi. Wannan raini ne. Don haka na sauko da babbar kulata ta kayan aure, mai furanni, wadda ban taɓa zuba komai ciki ba. Na juye dankalin da zafinsa yana tururi, na danne murfi, na naɗe da tawul, don kada iska ko ta misƙala ta shiga.

A ƙofar gida na yi kiciɓis da Maman Dauda. Ta dubi kular, ta dube ni. "Ba dai dankalin ne ciki ba?"

"Tuwo ne," na ce, na tare tasi.

Falon Hajiya cike yake da mata, leshi da turare ko'ina. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya: ina wuni, ya gida, ya Alhaji, ya yara, ya zafi, an samu mulki Allah ya taya riƙo. Kowace ta amsa, ta maido mani da nata. Aka yi addu'a, wata ta yi jawabi kan ci gaban mata. Duk wannan lokaci kulata na gefena, ina shafa ta ina murmushi.

Wajen ƙarfe biyar Hajiya ta tafa hannu. "Ga 'yar ajinmu, a Jos ta koyo. Don Allah ku yi shiru ku ji ƙararsa."

Suka kuwa yi shiru. Na kwance tawul, na ɗaga murfi, ruwa ya tsiyayo daga murfin ya jiƙa mani zane. Dankalina ya kwanta ya manne da juna, ya zama curi guda daidai cikin kular. Hajiya ta sa yatsu ta ɗago ɗaya, biyar suka biyo shi, suka langaɓe mata a hannu. Ta dai daure ta kai baki. Duk falon na sauraron ƙara, ba abin da aka ji sai fanka.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Can sai surukar Hajiya, wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya, ta ce a miƙo mata cokali. Ta ci, ta ƙara, ta gyaɗa kai. "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Tun da aka hau mulkin nan, sai yau aka tuna da mu."

Falo ya fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Kafin in farfaɗo, wata mata da ashe 'yar Jos ce ta tambaye ni cikin ladabi, "Wace unguwa kika zauna a can?"

"Nan... kusa da tasha," na ce.

Binta ta san ni tun muna 'yan mata. Ta raka ni har bakin mota, ta ce, "Tsakaninki da Allah, wa ya koya maki?" Na faɗa mata gaskiya. "To ki turo mani ita gobe."

Da ƙafata na je na kai wa Maman Dauda aikin da na ɓoye mata. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Sannan ta ce, "Abin da na so gaya maki, ki baza shi a faranti ya sha iska, kada ki rufe. Shi ke nan fa."

Ta samu aikin, ta kuma ɗauke ni ina yi mata fira. Shekara uku ina fere dankali. Tun daga ranar, in mutum na magana sai na bari ya kai aya, ko da maigidana ne yake ba ni labarin taron malamai. Ita kuwa har yau, in muka haɗu a gidan biki aka buɗe kula, sai ta matso kusa da kunnena ta ce, "Maman Ummi, sauran kin sani ko?"