Famfon da Aka Liƙe Kamar Jirgi

"Lahiya lau, sai tsuhwa. Kai kau maigida, mi ak kawo ka Argungu da hantsin ga?"

"Kewarki ta, matata. Na kwana biyu ban ga mummunar huska ba."

"Madubin gidanku hwashewa yay yi?"

Riskuwa ke nan da jikanta Usmanu, a bakin zaure, ko babur bai gama kafewa ba. Lokacin Argungu da Birnin Kebbi duk suna cikin jihar Sakkwato, shi kuma yana koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi. Matarsa Sakinatu 'yar kawunsa ce, ita ma jikar tsohuwar. Ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, an samu mace, ba a kai ga suna ba tukuna. Usmanu kuwa bai sa 'yarsa a ido ba. Kunyar ɗan fari ta ɗaure shi, ga gidan ya zama na surukai, ba dama ya kwaso ƙafa ya ce ya zo ganin jaririya. Abin yana cin sa ƙwarai. Sai ga saƙo cewa makullin ruwan gidan ya rasa hannu, famfo ya ƙafe, ga mai jego da wankan safe da yamma. Bawan Allah ya sayi sabon hannu a kasuwa, ya daidaici lokacin da kawun ke fadama, ya kamo hanya. Ko makaho ya san ba famfo ya zo gani ba, balle tsohuwa.

"Gyaran ruwa niz zaka yi," in ji shi, yana kwance ƙunshin filaya da sifana.

"Awo. Shi as sa kaka leƙen ɗakin can? Famfo na ciki?"

"Ni? Ƙiƙam nike, ko motsi ban yi ba."

"Wuyanka dai ya yi. Ya miƙe kamar na zalɓe. To ji nan, Manu. Ba ka ganin ko ɗan yatsan ɗiyar ga sai ruwa ya zubo cikin tukunyata."

"Wace ɗiya? Ni ban san an haihu ba."

"Madalla. Ashe ba ni da aikin ɗauko ta."

Ya bi ta zuwa gindin katanga inda bututu ya shigo gidan. Nan ya tsaya sororo. Inda ya san makulli, yanzu wani baƙin dunƙule ne kamar kan tulu, yana ƙyalli a rana.

"Tsohuwa, mi an nan?"

"Gyara na."

"Wa ay yi shi?"

"Wadda tar riga uwarka sanin ruwa. Wuyanai ad ɗiga, ɗis, ɗis, yana jiƙa min katanga. Nis samu dutse nib buga ƙarhen har yar ruhe, nic cusa tsumma, nin narka kwalta nil liƙe. Ko ɗigo bai ƙara ba."

"Ko ɗigo kau! Gida duka ba ɗigo! Wanga famfo na, ba jirgin kamun kihi ba!"

"Mi ar raba su? Jirgin kakanka shekara nawa ina liƙe shi haka, bai taɓa nutsewa da kowa ba."

"Shi jirgi hana ruwa shiga aka so. Wanga shigowa aka so shi yi."

"Ai bai hwaɗa min ba."

Gaskiyarta ta wani ɓangaren. Riskuwa 'yar masunta ce gaba da baya, a wajenta duk abin da ke yoyo magani ɗaya gare shi. Usmanu ya tsuguna, ya fara kankare kwalta da wuƙar yankan albasa.

"To shi hannun, ina kinka kai shi? Ko shi kinka sayar kinka ci goro?"

"Ni da ba ni da haƙoran goro? Hwaɗuwa shika yi kullum. Ƙanena Tamba yag gane shi ƙasa, yaj ji nauyinai, yac ce wanga tagulla ta hi dalma. Yana nan ɗaure ga bakin birginai."

"Hannun famfo ga tarun kihi!"

"Kuma ya kama. Giwar ruwa, wallahi, ta kai tsawonka. Ta hi ka nama dai."

"Ku zuriyar ga, in anka ba ku agogo sai kun jehwa shi gulbi ku ga ko shina iyo."

"Cikin zuriyar kac ci gaba kad ɗauko mata, ba wanda yaj ja ka."

Daga ɗaki sai ga kukan jaririya, siriri. Wuƙa ta tsaya a hannun Usmanu. Kunnuwansa kamar su bar kansa su tafi.

"Kankare, malam," in ji Riskuwa. "Kyanwa ta."

Ya ci gaba, gumi na ɗiga. Can ya ɗaga ido ya ga tuluna jere a gindin bishiya, da gammo a kai. Ya dubi tsohuwar da kyau, ya lura da yadda take dafa ƙugu in za ta juya.

"Wa ka ɗebo ruwan wankan?"

"Aljannu."

"Tsohuwa."

"To ni ta. Matan gida na shuka ga hwadama, in bar ɗiyar mutane ba wanka? Gulbi ba baƙona na ba."

Ransa ya sosu. Tsohuwa mai jika da tattaɓa-kunne, tana hawa gangaren gulbi da tulu saboda matarsa da 'yarsa, kuma ko a saƙo ba ta faɗa ba. Amma tsakaninsu ba a yin godiya da baki mai daɗi.

"Shi as sa kinka ƙara gajarta. Da can kina kai min kahwaɗa."

"Kai dai yi aikinka, mai hannun alli."

Da ƙyar ya tono ƙarfen tsakiya, ya zaro tsumma har da guntun tsohon zanenta. Bugun dutse ya tauye kan ƙarfen, sabon hannu ya ƙi zama. Ya goga, ya gwada, ya sake gogawa, tsohuwa na tsaye a kansa tana ba shi shawarar a ƙara kwalta. Daga bisani hannun ya shige, ya ɗaure shi da sifana, ya ce bismillahi, ya murɗa.

Bututu ya yi gurnani, ya yi tari. Sai ruwa ya yi tsiri ta wuyan makullin, tsaf a fuskarsa. Hula ta yi gefe, riga ta jiƙe sharkaf.

Riskuwa ta riƙe ciki. "Wayyo ni! Jama'a ku taho, ango ya riga mai jego wanka! In kawo ma ganyen darbejiya? In dama ma kunun kanwa?"

"Miƙo min filaya, ke dai!"

Ya matse notin wuyan, tsirin ya koma ɗigo, ɗigon ya ɗauke. Can tsakar gida famfo ya kece da zuba cikin babbar tukunyar wanka. Tsohuwa ta tsaya tana sauraro kamar mai jin kiɗa. Sai ta shige ɗaki, ta fito da ɗan ƙunshi cikin zane.

"Goge hannunka, kar ka shahwa min kwalta ga ɗiya. Riƙe. Kawunka bai dawo ba, ni kau ban gani ba."

Ya karɓa. Ya daɗe yana kallon fuskar 'yarsa.

"To? Ka ga kyau irin namu?"

"Na ga hanci irin naki. Allah sarki, tun ba ta yi laihin komi ba."

"Kawo min abuna, marar kunya!"

"Tsaya. Tun ban ga hancin ba, na aika ma babana jiya. Ran suna Riskuwa za a raɗa mata. Sai ku haɗu ku rinƙa liƙe min gida."

Tsohuwa ta juya fuska gefe. Ta kai gefen mayafi ga ido.

"Kuka kika yi, matata?"

"Ruwan famfonka na yaf hwantsamo min." Ta yi dariya. "Ka ci ni yau, ɗan banza. Zamna nan inuwa da ita. Bari in ɗora ma uwatta ruwa."