Ina Neman Ritaya Daga Zama Marainiya

Zuwa ga masu girma Amintattun Gidauniyar Dafa Kafaɗa, mai tallafa wa yaran da miyagu suka cuta, Kumasi.

Ranku ya daɗe Nana Gyamera, shugaban kwamiti, da Madam Fosuaa mai kula da baƙi, da Lauya Adubofour, da sauran amintattu shida waɗanda nake samun albarkar ganin fuskokinsu sau ɗaya a shekara, ranar da ake cin abinci.

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramar da ta san girman manya, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda na gan ku bara, lokacin da aka zagayo da kaza karo na uku.

Sunana Yaa Tiwaa Ampofo, mai ɗinkin takalma a Asafo. In sunan bai tuna muku komai ba, ba laifinku ba ne. Ni ce "Ƙaramar Tiwaa" ta kan babban allonku na shataletalen Santasi, mai bandeji a goshi da hawaye a kunci. Shekarata ashirin da bakwai yanzu, amma a kan allon har gobe sha uku nake.

Bari in fara da gaskiya, tunda ita ce ta fi tsufa a tsakaninmu. Wata Alhamis na fito daga kasuwa riƙe da jakar mahaifiyata, mutum biyu a kan babur suka fizge ta. Igiyar ta sarƙe a hannuna, suka ja ni a kan kwalta har gaban wani shagon taya. Hannu ya karye wuri biyu, goshi ya tsage. Ku kuka biya asibiti, ban manta ba. Kuka kuma aiko mini da ma'aikaciyarku, Anti Dedaa, wadda ta yi wata huɗu tana zuwa gidanmu duk Talata, a lokacin da jin ƙarar babur kawai ke sa ni in shige ƙarƙashin gado. Ita ta kama hannuna mai lafiya ta tsallakar da ni titi karon farko, tana cewa, "Taka, 'yata, titin nan ba na ubansu ba ne." Wannan alheri ne ya sa na yi shekara goma sha huɗu ina hawa dandalinku a liyafar ƙarshen shekara, ina ba da labarina. Yanzu ina roƙon izini in kawo 'yan ƙananan koke-koke.

Na ɗaya, batun yawan ɓarayina. Shekarar farko su biyu ne. A ta uku Madam Fosuaa ta miƙo mini takarda, na tarar sun zama huɗu, da adduna. Shekarar da baƙi suka zo daga ƙetare, ɓarayin suka zama shida, da bindigogi, ɗayansu har yana dariya. Na ce, "Madam, su biyu ne fa." Ta gyara mini wuyan riga ta ce, "Tiwaa, mutum biyu a kan babur ba sa sa Bature kuka. Karanta abin da aka rubuta miki." Na karanta, kuma Baturen ya yi kuka, don haka na shaida Madam ta san aikinta. Tambayata kawai: tunda har yau ba a kama ko ɗaya ba, mutum nawa ake nema? Ina so in san adadin da zan riƙa waiwaye saboda su.

Na biyu, rasuwar mahaifiyata. Na samu labarin ne a shafi na huɗu na ɗan littafin liyafarku, inda aka rubuta cewa miyagun sun mayar da ni marainiya. A daidai lokacin, marigayiyar, Maame Nyarkoa, tana zaune a teburin baya kusa da ƙofar kicin, tana fama da ƙashin kaza. Ba ta iya karatu ba, sai matar da ke gefenta ta karanta mata, har da yi mata ta'aziyyar uwar yarinyar. A cikin mota muna komawa gida ta juyo ta ce, "Ke Tiwaa, yaushe na mutu ba ki faɗa mini ba? To ina jana'izar? Ina jan zane da baƙin zane na makoki, ina masu kiɗa, ina akwati? Haka ake binne 'yar gidanmu, a shafi na huɗu kamar tallar sabulu?" Duk motar ta kwashe da dariya, har yaron mota ya yafe mata kuɗin kujera don girmama mamaci. Na kai ƙara ofis. Lauya Adubofour ya bayyana mini cikin natsuwa cewa kalmar marainiya tana da faɗi a ilimin shari'a, kuma za a gyara a bugu na gaba. An yi bugu bakwai tun daga nan. A na bara ma an ƙara da cewa ta rasu tana kiran sunana. Wannan kam kusan gaskiya ne, domin ba ta da aiki sai kiran sunana.

Na uku ya fi ci mini rai, don haka ku yi haƙuri in na tsawaita. Akwai wani malamin makaranta, Kyei, da muka shekara biyu muna son juna. Danginsa suka shirya zuwa ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aurena, kuma kamar yadda aka saba, suka fara tura gwaggonsa Eno Abrafi ta binciki gidanmu. Ba ta sha wahala ba, tunda ɗan littafinku yana kan teburin cocinsu. Ta karanta cewa ba ni da uwa, cewa hannuna ba zai ƙara moruwa ba, kuma "har yau tana farkawa da ihu". Ta koma ta ce wa Kyei, "Ko dai yarinyar nan maƙaryaciya ce, ko matar da ta nuna maka haya ta ɗauko. Kowanne ne, ba da ni ba." Aka ɗage zuwan. Wata biyu Kyei bai taka shagona ba. Na yi kuka a lokacin, na gaske, sai dai babu mai ɗaukar hoto a kusa, don haka ya tafi a banza.

Marigayiyar ce ta kashe wutar. Ta ɗaura zanen zuwa coci, ta ɗauki katin zaɓenta da na baftisma, ta nufi gidan Eno Abrafi ba sallama. Ta miƙa mata hannu ta ce, "Mintsine ni, 'yar'uwa. In ban yi ƙara ba, fasa auren." Suka rabu bayan sun cinye kwanon fufu tare. An sa biki a watan Maris. Ba na faɗa muku don gayyata ba ne, na san amintattu ba su cika zuwa wurin da babu allon sunayensu ba.

Na huɗu gajere ne. Shekara biyar da suka wuce kun sallami Anti Dedaa saboda halin matsi, kuma na gane, domin a shekarar ce aka saƙa wa kowane amintacce zanen kente mai tambarin gidauniya. Tana sayar da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da soyayyen kifi a bakin tashar Asafo yanzu. Shin akwai wanda ya gaje ta, ko kenten ne yake zuwa gidajen yara ran Talata?

Na biyar shi ne dalilin wannan wasiƙa. Watan jiya wasu samari suka tare wata yarinya 'yar layinmu, Pomaa, mai shekara goma sha huɗu, a hanyar makaranta. Suka ƙwace wayar da yayanta ya ara mata, suka fasa mata gefen ido da kwalba. Ta daina fita ko ƙofar gida. Na ɗauke ta da kaina na kai ta ofishinku, don ni shaida ce cewa a can ake samun taimako. Sakatare ya ba mu takarda mai shafi tara, ya ce sai kwamiti ya zauna, kuma kwamiti bai cika ba tun watan Yuni. Muka dawo.

Kwana uku bayan haka sai ga waya daga Nana Shugaba da kansa, abin da ban taɓa samu ba a shekara goma sha huɗu. Na miƙe tsaye a shago don girmamawa. Ya ce, "'Yata, an ce kin kawo mana wata yarinya. Allah ya yi miki albarka. Kin san kin girma, allon nan yana son sabuwar fuska. Ki kawo ta liyafa, amma ki gaya wa iyayenta kada a cire bandejin kafin ranar."

Ranka ya daɗe, na ce maka to, domin ba a yi mini tarbiyyar musu da manya a waya ba. Da na ajiye, na rufe shago na tafi tasha wurin Anti Dedaa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta rufe tukunyarta, ta bar wa maƙwabciya kifin, ta ce, "Nuna mini gidan." Tun daga ranar muna zuwa gidan su Pomaa tare, ita da ni. Ba mu cika takarda ba, ba mu jira kowa ya zauna ba. Ina fata hakan bai saɓa wa dokokin gidauniya ba. In ya saɓa, Lauya ya faɗa mana faɗin laifin.

Saboda haka ina roƙon alfarma uku daga masu girma. Ku sauke ni daga allon Santasi, na gaji da tsayuwa a rana. Ku dawo mini da mahaifiyata a rubuce, a shafin da kuka ɗauke ta. Sannan ku karɓi wannan a matsayin takardar ritayata daga zama abin tausayi, aikin da na yi da gaskiya ba tare da hutun shekara ba.

Game da Pomaa kuwa, ina baƙin cikin sanar da kwamiti cewa likita ya cire bandejin ranar Litinin, ba tare da ya tuntuɓe ku ba. Tabon ƙarami ne, ba zai fito a hoto ba. Jiya ta koma makaranta da ƙafarta. Da na gaya mata zan rubuto muku, ta ce in isar da gaisuwarta, in kuma ba ku haƙuri da ta warke kafin liyafa.

Taku mai ladabi da biyayya, a durƙushe har ƙasa,

Yaa Tiwaa Ampofo,
Mai ɗinkin takalma, Asafo, Kumasi.