Sarkin Kuwwa na Cicadas

Duk wanda bai san Kang Didin Wahidin ba, to bai san Bandung ba, ko da kuwa a nan aka binne cibiyarsa. Wannan ba maganata ba ce, maganar Kang Didin ce, kuma mutum irinsa ba ya faɗin abu sai ya tabbatar. Allah ya yi wa garinmu arzikin makaɗa jita, kowane lungu ka leƙa sai ka iske wani yana jan tsirkiya, amma dukansu yatsu kawai aka ba su. Kunne kuwa, na Kang Didin ne shi kaɗai. Shi ya raɗa wa kansa suna Sarkin Kuwwa, don ya jira jama'a su raɗa masa, ya ga suna jan ƙafa. A bayan idonsa mutanen unguwar Cicadas suna ce masa Farfesa Sau-Uku, saboda ba ya furta magana ya bar ta ta tafi ita kaɗai, sai ya haɗa ta da 'yan rakiya biyu.

Ka gan shi ka ga babban mutum. Gashi har kafaɗa, ko da yake tsakiyar kan ta daɗe da yin hijira. Baƙin tabarau ko ana tsuga ruwan la'asar. Rigar fata ko rana na dukan ƙeya. Amma sarautar ba a nan take ba, tana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, korensa duk ya koɗe. Makaɗa jita suna ajiye irinsa a ƙasa su taka da ƙafa. In ka taɓa tsirkiya sau ɗaya, sai ya maido maka da sautin, ya sake maidowa, ya sake, kamar amsa-kuwwa, kowane ya fi na gabansa dusashewa har ya ɓace. Don ya mallake shi daga hannun wani mai gwanjon kayan lantarki, Kang Didin ya sayar da babur ɗinsa. Shi ya sa Sarki ke hawan motar haya, a matse tsakanin masu kayan miya, rungume da akwatin a naɗe cikin tawul.

A shagon kofi na bakin titi yake zaman fada. Sai ya warware tawul, ya aza akwatin a tebur, ya tsare kowa da ido kada a taɓa.

"Wannan analok ne," in ji shi. "Analok. Analok nake gaya muku. Na dijital ɗin nan da yaran zamani ke saye, madubi ne kawai, abin da ka ba shi shi zai maido maka, ba kunya ba tausayi. Nawa kuwa zuciya gare shi. In ya karɓi sauti sai ya ɗumama shi, ya lallashe shi, sannan ya sallame shi cikin mutunci. Da tsohuwar zuma ake magani. Da tsohuwa. Tsohuwa."

Fadawa su yi ta gyaɗa kai. Ba su da zaɓi, bakinsu cike yake da soyayyar awarar da ya saya.

To, akwatin yana da maɓallai uku na murɗawa. Ɗaya shi ke auna tazarar da ke tsakanin sauti da kuwwarsa, ɗaya yawan maimaitawa, ɗaya ƙarfinta. Kowane makaɗi, komai ƙanƙantarsa, ya san in za a canza waƙa sai ka sunkuya ka murɗa na tazara ya yi daidai da gudun ganga. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take. Amma wannan dokar talakawa ce. Wata ranar Talata ana ruwa, Kang Didin yana ɗaki yana murɗe-murɗe, sai ya faɗa kan wani saiti da ya sa shi hawaye. Ya ce ya iso. Ya ce abin da makaɗan duniya ke nema tun da aka ƙera jita, shi ne Allah ya ajiye masa a Cicadas.

Da Asabar matarsa Iis ta zo share-share, ta ga ƙura a kan akwatin, ta goge shi tas da tsumma, maɓallan suka juya. Wayyo! Kwana da kwanaki gidan nan kamar an yi rasuwa. Bai ci ba sai sau uku a rana, bai yi mata magana ba sai in yana son ƙari. Da ƙyar ya lalubo saitin, ko dai wani mai kama da shi. Ranar ya sayo gam irin na liƙe takalmi, ya tsiyaya a gindin kowane maɓalli, ya liƙe su ƙam. Ya ce yanzu ko girgizar ƙasa ta zo sai dai ta gaishe su ta wuce.

Sai dai fa saitin nan na tafiyar hawainiya ne. Kuma Kang Didin ba shi kaɗai yake kiɗa ba. Yana cikin ƙungiyar Teh Kokom, mawaƙiyar biki, mace mai murya kamar ƙararrawa da haƙuri kamar dutse, wadda ta rufa masa asiri tun yana aron jita. Ranar gwaji ta farko bayan liƙin, Mang Ohim makaɗin ganga ya ɗauko wani kiɗan rawa mai zafi, sai kuwwar Kang Didin ta riƙa faɗowa a inda ba a gayyace ta ba, tana taka ƙafar kowane bugu. Kiɗa ya zama faten wake.

"Kai Didin," in ji Mang Ohim, "murɗa abin nan mana, ya bi ni."

Kang Didin ya zare tabarau a hankali, yadda likita ke yi in zai faɗi mummunan labari.

"Mang, da girmanka. Ganga fata ce, fatar akuya. Wannan kuwa ilimi ne. A ina ka taɓa jin ilimi ya bi akuya? Kai za ka bi shi. Kai za ka bi. Kai."

Haka kuwa aka yi, don Teh Kokom ba ta son rigima. Kowace waƙa aka ja ta aka daidaita da akwatin. Waƙar shigowar amarya, tafiyar hawainiya. Waƙar cin abinci, tafiyar hawainiya. Waƙar rawa da ke sa gwaggwanni su tuɓe takalma, ita ma haka. A wani biki a unguwar Kiaracondong uwar ango ta hau dandamali ta tambaya cikin ladabi ko wani nasu ne ya rasu. Kang Didin ya ce wannan shi ake kira zurfi. Masu biki dai ba su san zurfi ba, sai suka daina kira. Mang Ohim ya fara tambayar yadda ake shiga acaɓa. Teh Kokom ta sa a nemo mata mai sayen lasifikokinta. Shi kuwa gogan naku ana ga yaƙi yana ga ƙura, shawarar da ya kawo ita ce a sauya wa ƙungiya suna ta koma Sarkin Kuwwa da Mabiyansa.

Ana cikin haka sai ga Haji Endang, mai babban zauren biki na unguwar Ujungberung. Makaɗan da ke masa aiki sun watse, ga shi zai aurar da ɗansa ranar Lahadi. Ya ce wa Teh Kokom su zo. In sun ƙayatar, zauren nasu ne kowace Asabar da Lahadi. In ba su ƙayatar ba, a sha ruwa a yi sallama. Teh Kokom ta sani, Mang Ohim ya sani, har mai kaɗa musu fiyano, wanda ba ya magana, ya sani, wannan ce igiyar ƙarshe. Ta je har gida ta roƙi Kang Didin ya bar akwatin a tawul ranar nan ɗaya tak.

"Teh," ya ce, "ki ce wa liman ya bar alwala a gida mana."

Ranar Lahadi da safe, kafin baƙi su iso, Sarki ya shigo zauren ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai ya saurara, ya yamutsa fuska. Ya ce tayil ya yi yawa, gilashi ya yi yawa, kuma an jima ƙarar cokula za ta gurɓata iska. Kunne irin nasa ba zai sha gauraye ba. Saboda haka ya ƙi lasifikar da aka ajiye masa a dandamali, ya zaro wani ƙaton hedifon ya kifa a kunne, ya jona yadda zai ji jitarsa zalla daga akwatin, ba ganga ba murya. Wata waya kuma ta tafi na'urar haɗa sauti, don talakawa su ma su samu albarka.

Aka gwada waƙar rawa. Faten waken nan ya dawo, har masu jera kujeru suka tsaya suna kallon juna. Teh Kokom ta dubi ƙofar da Haji Endang zai shigo, ta dubi Mang Ohim da furfurarsa, ta dubi Kang Didin da ya riga ya lumshe ido. Tura ta kai bango. Ta taka a hankali zuwa na'urar, ta sa ɗan yatsa ɗaya ta ja maɓallin layin jita ƙasa har ƙarshe, sautinta ya ɗauke daga lasifika. Ta dawo ta ce, "Mang, yau sake hannunka."

Jama'a, ranar an yi kiɗa! Mang Ohim ya huce haushin wata da watanni a kan fatar akuya. Gwaggwanni suka tuɓe takalma, kawunnai suka kwance ɗamara, masu rabon bakso, romon curin naman nan, suna zuba miya suna girgiza kafaɗa. A gefen dandamali kuwa ga Sarkin Kuwwa cikin tasa duniyar. Jitar lantarki in ba lasifika ko sauro ya fi ta amo, amma shi a kunnensa sammai ne ke buɗewa. Jama'a na tsalle, shi yana lilo a hankali. Ya murguɗa baki, ya cije leɓe, ya ɗaga kan jita sama, ya taka akwatin da ƙarfi, ya durƙusa yana girgiza ragowar gashinsa. Waƙa ta ƙare, kowa ya tsaya, shi yana nan yana fama, gumi na ɗiga daga haɓa, zauren tsit.

Nan dariya ta ɓarke. Yara suka taru gabansa suna kwaikwayo da cokula. Manya suka ɗaga wayoyi. Da ya buɗe ido ya ga rabin zauren shi suke kallo, haƙora a waje, wasu har da share hawaye, sai ya dafa ƙirji ya rusuna. Ya ce a ransa, yau dai Bandung ta yi kunne.

Bayan azahar, baƙi sun fara raguwa, ga Haji Endang ya nufo dandamali da hannuwa a buɗe. Kang Didin ya sauke hedifon, ya gyara riga, ya sha gaban Teh Kokom, don kada yabo ya ɓata hanya. Bai kuwa ɓata ba. Haji ya rungume shi har tabarau ya karkace.

"Kai ne ka ci bikin nan, wallahi!"

"Haji, ba ni ba ne," in ji Sarki cikin tawali'u. "Analok ne. Analok. Ana..."

"Kai, har yanzu wasan kake!" Haji ya ƙyalƙyale, ya juya ga Teh Kokom. "Zaure naku ne, an gama. Makaɗana na da, mai jitarsu ya hana ni jin kunnena, shi ya sa na ji daɗi da ku babu hayaniyar nan. Amma da sharaɗi ɗaya, wannan ɗan kaman naku dole ku riƙa zuwa da shi. Na ga masu ban dariya iri-iri, ban taɓa ganin wanda zai rungumi jita tun hantsi, yana gumi yana taka ɗan gwangwani, ko ƙis ba a ji ba. Surukata sai da aka kai ta waje ta sha iska."

Kang Didin ya juya ya dubi na'urar haɗa sauti. Layinsa na nan kwance a ƙasa. Ya dubi Teh Kokom, ita kuma ta duƙufa naɗe wayar makirufo kamar ba a taɓa ba ta aiki mai muhimmancinsa ba.

Haji ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya. "Tsakanina da kai, ɗana, ka ɗan iya kaɗa ta kuwa, ko kaɗan?"

Mang Ohim na ɗaure gangarsa, bai ko ɗago kai ba.

"Yana koyo, Haji," ya ce.