Yaƙin Jatau da Baƙon Ƙwaro

Jatau ɗan Nomau ya kama ƙwaro ranar Talata.

Shi ne Jatau jikan Barmo mai garma tara, na zuriyar da ba ta taɓa sayen wake a kasuwa ba. Giwar fadama, dodon gara, sadaukin da fara ke jin tarinsa ta sauya gona.

Da hantsi ya shiga gonar wakensa, ya tarar da baƙo zaune bisa ganye: faɗinsa kamar farcen babban yatsa, bayansa kamar garkuwa, shuɗi da ɗigon ja. Shekara sittin yana noma. Cikin ƙwari masu wari ya san mai launin kore, ya san mai ruwan ƙasa, masu tsotse wake su bar ɓawo. Wannan bai san shi ba. In maƙiyi ne, sai feshi yau, kafin wake ya tafi. In mai cin tsutsa ne, feshi zai kashe mai gadin gona.

Sai ya ci ɗamara, ya tuɓe hula, ya yi kirari: "Yau ko ni ko kai!"

Ya kai hari na farko, abokin gaba ya tashi. Ya kai na biyu, kunyar wake ta harɗe shi, ya sha ƙasa har gemu. A na uku, da ikon Mai Sama, bayan an tattake kunya huɗu, an karya kuɓewa bakwai waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, hula ta rufe baƙo. Nan maƙiyi ya saki makaminsa, warin da ya sa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.

Jatau bai ja da baya ba. Ya yi yadda ubansa ke yi: ya murje ƙwaron tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Hanci ya ce bai san shi ba.

Ya ɗaga hannu sama kamar tuta, ya taka har wurin Malam Isiyaku, malamin gona. Isiyaku ya buɗe littafi mai hotunan ƙwari.

"Baba, ina ƙwaron?"

Jatau ya miƙa yatsu. "Ga shi."

"Haba Baba! Bakinsa nake son gani. Mai kaurin baki tsutsa yake ci, mai siririn baki wake yake sha. Wannan ai ka niƙe shi."

"Hoto na yara ne. Shinshina ka gaya mini, in yi feshi ko in bari."

Isiyaku ya ja kujerarsa baya.

"Baba, wallahi ba zan shinshina ba."