Ni da Bijimin Alhaji Barau a Hoto Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a gaban dattawa goma sha ɗaya ina yi musu lacca a kan shanu ba, ni da ko akuya ban taɓa ɗaurewa ba. Yau in na ba da labarin har da ni ake dariya, amma a ranar, wallahi, so na yi ƙasa ta tsage in shige.

Zamanin da kuɗin mai suka fara zuba ne, shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi ta haɗa mana da ariyas, wato ƙarin watannin baya, a dunƙule. Ina koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara. Abokan aikina kowa ya bazama, wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani ya rufa ɗakinsa da kwano. Ni kuwa na fi ƙarfin wannan (a ganina ke nan). Ina karatun kasuwanci ta gidan waya, ana aiko min da darasi duk wata, har na iya cewa "hannun jari" ina gyara zaman tabarau. Na yanke wa kaina cewa kuɗina sai sun haihu.

A lokacin akwai wata ƙungiya da ba ta da suna a takarda, mutane dai na ce mata Zaure. Fataken hatsi ne da dillalan shanu da 'yan kwangila daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, suna haɗuwa sau ɗaya a wata. Duk matashin da ke da dabarar sana'a amma ba shi da jari, sai ya zo ya durƙusa ya yi bayani. Wanda abin ya kwanta masa a rai ya sa kuɗinsa. Ba bashi ba ne, tarayya ce: in an ci riba a raba, in an faɗi a yi haƙuri tare. Ba a shiga Zaure sai wani ya tsaya maka. Kuma ba mai ba da ko kwabo sai an aika wani ya gano da ido, ya dawo, an amince. Wanda ya karya wannan, shi da wanda ya tsaya masa tare za su bar tabarmar.

Kawuna Alhaji Sule, yayan mahaifiyata, shi ya tsaya min. Kawu ba shi ne mai kuɗin Zaure ba, buhunan dawa kawai yake juyawa, amma tun zamanin gyaɗa yake zama a wurin, kuma wannan zaman shi ne abin alfaharinsa a duniya. Saboda shi ake sallama a ƙofar gidansa da safe. Ranar da ya gabatar da ni cewa ya yi, "Wanga ɗana ne, ya yi karatu. Abin da idonmu bai gani ga takarda, shi shina gani." Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali a zuci cewa nake Kawu ai ka rage ma.

A zaman farko na fara raina musu wayo. Wani ya zo daga Pauwa yana son injin niƙa, maimakon a tambaye shi ribar shekara, sai aka shiga tambayarsa ɗan wane ne, wa zai ɗebo masa ruwan injin, in bel ya tsinke ina zai nufa. Ina ta hamma a ɓoye.

Sai ga Lawal Manaja. Ya shigo da kwat da wando da jakar hannu mai makulli, ya raba mana takarda mai tambari: Kamfanin Naman Zamani, Faskari. Ya ce yana turka bijimai, yana ƙosar da su da angurya da dusa, yana so ya ƙara turaku ya sayi mota ya riƙa kai nama Kaduna, inda masu sabon kuɗi ba sa cin tuwo sai da tsoka. Rabin bayanin da Turanci ya yi, yana kallona. Na ji kamar na gamu da ɗan'uwana a baƙon gari.

Shugaban Zaure, Alhaji Barau na Damari, tsoho ne da ya yi shekara arba'in cikin shanu. Ya ce, "To, wa za shi tahi shi gano muna?" Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu kamar ɗan aji uku. Dattawa suka kalli Kawu, Kawu ya gyaɗa kai.

Da muka fito ya ja ni gefe. "In ka tahi, kar ka tsaya ga takarda. Ka ce shi ba su dusa da hannunshi, kai kana kallo." Na ce to, Kawu. A raina na ce ga tsofaffi da son ƙananan abubuwa, ana maganar kamfani yana maganar dusa.

Manaja ne ya zaɓi ranar, ya ce lallai in zo kafin la'asar. Ban tambayi dalili ba, ban kuma gaya wa Kawu ranar ba. Na ari babur, na ɗauki mai hoto a baya (da kuɗina, don a san ɗan boko ne ya je), muka sha ƙura har bayan garin Faskari. Can muka tarar da wani fili mai shinge, an kafa allon kamfani a ƙofa, fentin ko bushewa bai gama yi ba. Na ce a raina, ga alamar kamfani mai tsafta.

Sai shanu. Kai! Bijimai goma sha huɗu, farare tas, tozo na rawa. Na zaro tef ɗin tela da na aro, na shiga auna su ina rubutawa. Wasu Fulani biyu na zaune a gindin tsamiya da sandunansu, suna kallona suna ƙus-ƙus. Manaja ya ce leburorinsa ne. Na ɗaga musu hannu irin na manya, na ce su ci gaba da ƙoƙari.

Maganar dusa ta faɗo min, na ɗan taɓo ta. Manaja ya duba kwat ɗinsa ya yi dariya. "Haba Malam, manaja da ba da dusa? To mi leburori za su yi?" Na ji kunyar tambayar, har na ba shi haƙuri.

Aka zo hoto. Na zaɓi wanda ya fi duka girma, mai guntun ƙaho a hagu, na ɗora hannu a tozonsa. Mai hoto ya yi ta ce wa Manaja ya matso, shi kuwa da ya taka ɗaya sai bijimin ya yi huci, ya koma biyu. Ya ce rana ce ke dukan idonsa.

A hanyar fita ya rage murya. Wai wani ɗan kwangila daga Kaduna zai kwashe hannun jarin gaba ɗaya jibi, amma shi ya fi son mai ilimi. In na sa nawa yau, ni ne darakta. Har ya nuna min kati da aka bar gurbin suna. Dokar Zaure kuwa ina sane da ita sarai. Amma na ce ai amincewa za a yi, wa zai sani? Ariyas ɗina na cikin aljihun ciki (kada ku tambaye ni abin da ya sa na tafi da su), na zaro na miƙa.

Ranar zama na iso da rahoto shafi tara, bugun tafireta. Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a Zaure, na karanta da Turanci ina fassarawa. Na faɗi faɗin ƙirjin kowane sa. Na ce a iya binciken da na yi na ilimi, ba a taɓa kiwo irin wannan a ƙasar nan ba, kuma ya kamata masu kiwon gargajiya su je su koya. Wannan jimlar, ina kallon Alhaji Barau na faɗe ta. Sannan na fito da hoton, na ce a zagaya da shi.

Hoto ya bi hannu hannu, ana masha Allah, Kawu sai murmushi yake. Da ya isa ga Alhaji Barau, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi, ya juya wajen haske.

"Malam, wace rana ka tahi?"

Na faɗa masa.

"Wato washegari kasuwar shanu na ci."

Na ce ban lura ba. Wani dattijo a gefe ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

"Malam, wanga mai guntun ƙaho, shekara biyu nika ba shi angurya da hannuna. Garin faɗa ya karya ƙahon, ni na ɗaure mashi. Wurin da ka tahi zango ne. Nan masu kora ka kwana da shanun mutane in gobe kasuwa. Shidda nawa ne cikin waɗanda ka auna, sauran na Alhaji Isa ne, ga shi nan kusa da kai."

Wanda aka ambata ya karɓi hoton ya duba ya ce, "Ƙwarai, ga ƙeyar nawa nan."

Zaure ya fashe. Wani har hularsa ta faɗi. Alhaji Barau ya sa yatsa a bakin hoton, inda ba a ganin komai na Manaja sai kafaɗa ɗaya da rabin kunne. "Ku duba mai kamfani inda ya tsaya. Sa ya san mai ba shi abinci, Malam. Wanga ko gaisawa ba su taɓa yi ba."

Ina tsaye da shafi tara a hannu. Da a nan abin ya tsaya, da na ce na sha da sauƙi. Sai Alhaji Barau ya share hawayen dariya ya ce, "To, alhamdu lillahi, tunda ba a ba shi komi ba."

Na sunkuyar da kai kan takarduna. Kawu ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake min tun ina yaro in na taɓa abin da aka hana. "Ko an ba shi?"

Na ce, "An ba shi, Kawu."

Dariya ta ɗauke ɗif. Kawu ya kau da kai daga gare ni. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya nufi inda takalmansa suke. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba. Kuɗin ko tunawa da su ban yi ba. Tsoho ne zai bar wurin da ya zauna fiye da shekara ashirin, saboda ya yabe ni a gaban mutane. Na zube a ƙasa na ce ni a kore ni, a bar shi, shi ya gaya min abin da zan yi na ƙi.

Alhaji Barau ya daɗe yana juya hoton. Sannan ya ce, "Alhaji Sule, maida buzunka. Doka ba ta tashi ba, amma ina da shawara in Zaure ya yarda. Malam ya riga ya biya kuɗin makaranta wurin Manaja, saura shi shiga aji. Wanga sa bai yi kuɗɗi ba ran nan, na maido shi gida. In an yi hutu Malam shi taho Damari shi yi mashi bauta. Ran da sa ya lashi hannunshi, shi dawo tabarma. Kahin nan kawunshi shi riƙe mashi wurin."

Haka na yi hutun nan gaba ɗaya, daraktan Kamfanin Naman Zamani, ina jiƙa dusa da kanwa, ina ɗaukar harawa a ka, ina kwashe kashi. Sau biyu bijimin ya kai ni ƙasa. A mako na biyar ya miƙo wannan harshe nasa mai kaushi ya lashe min hannu, na ji daɗin da ban ji ba ranar da na karɓi takardar shaidar malanta. Manaja kuwa an ce an gan shi a tashar Funtuwa da jakarsa mai makulli, daga nan babu labari. Sunan Darakta ya bi ni har aji, ya kuma zauna min har yau.

Na koma tabarma kusa da Kawu, kuma na daɗe a kanta. Na sa jari a injin niƙa na Pauwa, da gidan burodi, da wurin buga bulo, wasu sun yi albarka, wasu mun yi haƙuri tare. Amma ban ƙara zaro ko kwabo ba sai na je ranar da ba a sa min ba, na ce wa mai sana'a ya cire rigarsa ya tayar da injin da hannunsa ina kallo.

Hoton kuwa, Alhaji Barau bai maido min ba. Ya sa an yi masa gilashi ya rataye a zaurensa, duk sabon shiga sai an nuna masa kafin ya zauna. Ni ma nakan tsaya in duba, don mu uku ne a ciki, kuma bijimin ne kaɗai bai ɓoye wa kowa komai ba.