Rasuwar Dakalin Madafin Inna Hure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta saki ba, Inna Hure ta gidan marigayi Malam Nababa, a gefen Makoda, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar abokin zamanta, dakalin madafinta. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, a hannun diga, yana cikin ƙoshin lafiya.

An haifi marigayin a shekarar da aka kawo Inna Hure gidan nan. Da jar ƙasar kududdufin bayan gari aka gina shi, matan unguwa suka taru da madaɓansu suka daɓe shi, suka shayar da shi ruwan makuba har ya yi sheƙi. Tun daga ranar bai taɓa fashin aiki ba. Ya ɗauki tukunya mai zafi bai koka ba, ya sha sara da wuƙar yankan kuɓewa bai rama ba. A shekarun da hatsi ya yi wuya ya ga ƙwarya ta zo rabi, ya ga ta zo da dusa, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Babbar baiwarsa ita ce gurabe. Tukunyar ƙasa da ƙwarya ba su da gindin zama, sai marigayin ya lotsa wa kowacce wurinta: na gishiri kusa da bango, na kanwa a baki inda ya ɗan ɓalle, na tukunyar miya a tsakiya. In an ajiye ƙwarya daidai sai ya ce "dum", in an kuskure ya ce "ƙwas". Da wannan 'yar maganar ya riƙe wa Inna Hure sirrin da ko 'ya'yanta ba su sani ba, wato yanar ido ta daɗe da rufe mata gani. Da hannu take girki, dakali na yi mata jagora, gidan kuwa na yabon miyarta.

Ajali ya zo ne ta hannun ɗa mai albarka. Basiru, autanta, mai shimfiɗa tayil ne a birni. Ya yi aikin wani gidan abinci inda masu hali ke zuwa cin tuwo a ɗakin da aka yi wa ado irin na ƙauye, aka bar masa ragowar kaya. A shekarar da ba shi da buhun gero da zai aiko, ya ce ko madafi ne sai ya gyara wa Inna, ya mayar da shi irin na mutanen da.

Ba a yi gaggawa ba, an yi shawara kan abin da za a yi sabon dakali da shi. Katako, gara za ta ci. Siminti ya yi tsada, kuma ba ya kama da gargajiya. Sai Basiru ya jera mata samfurin tayil ya ce ta zaɓa da kanta. Ta shafa na farko, santsi. Ta shafa na ƙarshe, santsi. Don kada a gane, ta ɗora yatsa a na tsakiya. Basiru ya yi murna, ya ce lallai Inna na da ido, domin ta zaɓi mai launin jar ƙasa, wanda kamfani ya zana wa tsage-tsage don ya yi kama da tsohon daɓe. Marigayin kuwa saboda tsage-tsagensa aka yanke masa hukunci.

Ya rasu ya bar ƙannensa duwatsun murhu, da dutsen niƙa da ɗansa, da ƙwarya da yawa marasa wurin zama. Tukunyar miya ba ta jure ba. Washegari aka ɗora ta a kan magajinsa na tayil, ta mirgina ta fashe, ta bi marigayin, da daddawar ƙarshe a cikinta. Ba a jima ba Inna Hure ta laluba inda gishiri ya saba zama, ta ɗebo kanwa ta zuba. Kowa ya ci a haka. Barira, matar babban ɗanta, ta daɗe tana kallon hannun da ke yawo a kan santsi yana neman gurbi, sannan ta karɓi muciya a hankali, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Inna Hure ta yi kuka ranar, ba a ɓoye ba.

Za a kai gawar a baro ranar Juma'a bayan la'asar zuwa kududdufin da aka ɗebo ƙasarsa. Liman ya ce ba a yi wa dakali salla, an kuma yarda. Basiru ya roƙi a bar shi ya tura baron shi kaɗai. Ba za a yi abincin sadaka ba, domin mai girkin ta ajiye aiki.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar madafi, daga waje, inda tabarmar take. Iyalin suna roƙon duk wanda ya zo, ko da maƙwabci ne na kullum, ya faɗi sunansa bayan sallama.